Ƙuri'ar Naira Hamsin

Rumfata na bakin titin Farin Gada,
soket arba'in, da janareta ɗaya mai tari.
Ni ke cajin wayoyin unguwa,
shi ya sa nake jin abin da ba a gaya wa iyaye.

Tun da damina ta kankama
'yan makaranta suka sauya mini ciniki.
Ba mai sayen kati don ya gaida gwaggo.
"Baba Ɗanjuma, sa min na ɗari biyu,
ƙuri'a huɗu ke nan."
Kuɗin kara ne, na sani,
ƙosai ne ya koma lamba ya tafi Abuja.

Sadisu suke zaɓa,
ɗan mai facin nan na tsallaken kwata,
wanda ke kwaikwayon 'yan kamasho a bidiyo
har su kansu 'yan kamashon suke riƙe ciki.
An sa sunansa cikin taurarin matasa na bana,
shi da wasu biyar masu santsin fata.

Kangyang da sarƙar gicciye a wuya,
Zulai da hijabi har gwiwa,
igiyar iyafis ɗaya, kunne biyu.
Iyayensu ba sa sayen tumatir a kasuwa ɗaya,
amma su sun raba aiki:
ke ki bi 'yan cocinku, ni in bi 'yan islamiyya,
duk wayar da ta kwana ba ta yi zaɓe ba, ta ci amana.

Na ce da su, me za a ba ku in ya ci?
Nanbam, ɗan ƙaraminsu, ya dube ni sheƙeƙe:
"Baba, kai da ka sha rana a layi da katinka,
me aka ba ka?"
Na yi shiru, na shiga gyaran soket ɗin da bai lalace ba.

Cikinsu ba wanda ya kai sha takwas.
Ba a tambayarsu komai,
ko kalar labulen ɗakin da suke kwana.
Sai ga wani abu ya ce: ku za ku faɗa.

Daren bikin, ƙanƙara ta sauko kan kwano
kamar ana zazzage tsakuwa.
Mu ashirin da wani abu a rumfar mutum uku,
waya jingine da gwangwanin madara.
Ga Sadisu can, layi na tara,
cikin kwat ɗin yayan Nanbam na mawaƙan coci,
hannun ya wuce yatsunsa.

Mai gabatarwa ta ɗaga ambulan,
ta ja numfashi,
sai netwok ya ɗauke.
Ɗan da'irar nan ya yi ta juyi, ya yi ta juyi.
Zulai na salati, Kangyang ta rufe ido,
janareta ma ya daina tari.

Da hoto ya dawo
kofin na hannun wani yaron Maitama,
yana gode wa Allah da dadinsa.
Kyamara ta gifta ta kan Sadisu, daƙiƙa biyu,
yana tafi da hannun riga.

Ba wanda ya yi kuka a gabana.
An dai ce an yi maguɗi, an ce kuɗi ne,
kalmomin da suka gada a bakinmu
tun kafin su san amfaninsu.

Ranar Talata ya sauka daga motar dare,
kwat a leda, waya a mace.
"Baba, a sa min, zan kawo kuɗin gobe."
Kafin ta kai kashi goma
yara sun cika bakin kwata,
yana nuna musu yadda ake tafi in an sha kaye,
suna faɗuwa don dariya.
Zulai ta leƙo: yaushe ake buɗe na baɗi?

Ban gaya wa kowa ba,
amma daga tsohuwar wayata mai tocila
sau goma sha ɗaya na tura.